Wa Ake Kira "Divisive"?

Karatu: Titus 3:9-11

'Yan'uwa masu karanta juyin NIV na Turanci za su ci karo da kalmar "divisive" a aya ta 10. 'Yar'uwar "divide" ce, wato rabawa. Ana siffanta mutum da ita, ko magana, ko wani batu, muddin yana raba kan jama'a gida-gida. Shi ya sa lokacin zaɓe jaridun Turanci suke yawan liƙa ta ga kalaman 'yan siyasa. Kada a rikita ta da "divided". Wannan tana nufin waɗanda aka riga aka raba, "divisive" kuwa shi ne mai riƙe da wuƙar.

Juyin King James ya sa "heretick" a wurin, sai mutane da yawa suka ɗauka mai koyarwar ƙarya kaɗai ake nufi. Kalmar Helenanci da Manzo Bulus ya rubuta ita ce "hairetikos", sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari. Tushenta yana nufin zaɓi, ko ƙungiya. Wato mutum ne da ya ware nasa ɓangare cikin ikkilisiya, yana jan mutane su bi shi. Yana iya riƙe koyarwa daidai, ya yi addu'a da harsuna, amma bayan sujada yana bi gida-gida yana zuga zumuntar mata a kan dattawa.

A nan sai mu yi hattara, domin ana zaluntar mutane da kalmar nan. Ɗan'uwa ya tashi a taron ikkilisiya ya tambayi inda kuɗin gini ya shiga, nan da nan a ce masa "divisive". Ba haka ba ne. A Galatiyawa sura 2, Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, a gaban kowa, don ya daina cin abinci da al'ummai. Janyewar Bitrus ce take raba ikkilisiya, tsautawar Bulus kuwa ɗinke ta take yi.

Ko wanda ya cancanci sunan ma, ba a fara da kora. Bulus ya umarci Titus, wanda ya bari a tsibirin Karita, ya yi masa gargaɗi, ya sāke yi karo na biyu. In ya ƙi ji, sai a rabu da shi.