Agogonka Bai Lalace Ba, Lungu Ne Ya Rikita Shi

Ƙorafi ɗaya ne ke ta maimaituwa a bakin masu gudun motsa jiki a cikin birnin Kano. Mutum ya fito bayan sallar asuba daga Yakasai ko Mandawari, ya ɓulla ta Ƙofar Na'isa, ya bi gefen badala ya zagayo gida, agogon hannunsa ya ce ya yi kilomita 5 da mita 200. Ya zauna ya zana hanyar a Google Maps, ta ce masa kilomita 5 cif, wani lokaci ma ba ta kai ba. Nan take sai a yanke hukunci: ko an sayar masa da jabu, ko babu sabis, ko hazo ne ya tare tauraron ɗan'adam. Maganar sabis ce ta fi ban haushi. Agogon GPS ba ya buƙatar layin waya ko data kafin ya gane inda kake. Saurare kawai yake yi, yana karɓar saƙon taurarin da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma ba ya aika musu da komai. Ƙurar hunturu kuwa, duk kaurinta, wannan saƙo ratsa ta yake yi. A bar ɗora wa kamfanonin waya da hazo laifin da ba nasu ba.

Abin da agogon ke aunawa a zahiri lokaci ne. Yana lissafa daɗewar da saƙo ya yi a hanya daga taurari aƙalla huɗu, daga nan ya ƙiyasta wurin da kake tsaye. Saƙon da saurin haske yake tafiya, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya gusar da kai mita 300. Ko a fili fetal, kuskuren mita uku zuwa biyar ba abin mamaki ba ne. To ina ga lungun cikin gari, inda faɗin hanyar bai fi a miƙa hannu biyu ba, ga benaye dama da hagu, ga rufin kwano ya leƙo? A nan sararin sama ɗan tsiri ne. Wasu taurarin katanga ta tare su, wasu kuma saƙonsu sai ya bugi bango ko kwano kafin ya iso, kamar amsa-kuwwa, agogon ya ɗauka kai tsaye ya zo. Duba zanen da ya yi maka a waya bayan ka ratsa Jakara ko gefen Kasuwar Kurmi: za ka ga layin ya shiga tsakar gidajen mutane, ya haura katanga, ya dawo. Kowace karkata ƙarin mita ce da ƙafarka ba ta taka ba. Akwai kuma akasin haka. Idan an saita agogon yana ɗaukar wuri jefi-jefi don tattalin batir, sai ya haɗa ɗigo biyu da miƙaƙƙen layi ya yanke kwana, kuma hanyar cikin birni kusan duk kwana ce. Ke nan yana iya yi maka ƙari, yana iya yi maka ragi, a fita ɗaya.

Mai cewa to ai taswira ce mai gaskiya, shi ma bai tsira ba. Taswirar intanet tana auna layin da aka zana a tsakiyar titi, kai kuwa ba a tsakiyar titi ka yi gudu ba. Ka kauce wa adaidaita sahu, ka zagaye kwata, ka tsallaka titi sau uku, ka bi bayan mai kura, duk ba su cikin lissafinta. Manyan hanyoyi irin titin BUK tana riƙe da su daidai, amma lunguna da yawa ba a zana su ba, ko an zana su da ƙiyasi daga hoton sama, sai ta karkatar da kai ta wata hanyar da ta sani ba tare da ka lura ba. Wasu suna kawo hujjar tudu, wai taswira ba ta lissafa hawa. Gaskiya ne, amma abin bai taka kara ya karya ba: hawan da ke tashi mita 10 a kowace mita 100 rabin kashi ɗaya cikin ɗari kawai yake ƙara wa nisa, kuma in ka cire Dala da Goron Dutse, ina irin wannan tudun a birnin?

Masu agogo mai tsada za su ce nasu yana kama taurarin Amurka da na Turai da na Rasha da na Sin, har da zango biyu na saƙo. Hakan yana taimakawa ƙwarai, musamman wajen rage ruɗin bango, amma bai buɗe saman da gini ya rufe ba. A ɗaya gefen kuma, agoguna masu araha da yawa da suka cika kasuwa ba su da GPS ko kaɗan, taku suke ƙirgawa su ninka da tsawon taku na ƙiyasi, ko su jingina da wayar da ke aljihunka, mai shago kuwa ba zai faɗa maka ba. Gane su ba wuya: bar wayar a gida ka fita, in ka dawo babu zanen hanya, to ka san abin da ka saya.

Gargaɗin da ya kamata a nanata shi ne wannan: kada wanda ke shirin gasa, ko gwajin gudu na ɗaukar aikin ɗamara, ya gina shirinsa a kan alƙaluman agogo da aka ɗauka a lungu. Kuskuren kashi biyu cikin ɗari a kilomita 5 mita 100 ne, ga mai yin kilomita a minti biyar kuwa wannan daƙiƙa 30 ce cur. Matashi ya yi wata uku yana ganin ya kai ma'auni, ran gwaji ya tarar rabin minti ya ci shi. Saurin nan da agogon ke nunawa nan take ya ma fi nisa ruɗi, don yana tsalle da kowane ɗigo da ya kauce. Wanda ke ƙara wuta ko ya rage saboda shi yana bin kuskuren na'ura ne da huhunsa. A duba matsakaicin saurin kowace kilomita, a ƙyale na nan take.

Tseren da aka tantance a duniya ba da agogo ake auna shi ba, ba kuma da taswira ba. Keke ake amfani da shi mai ɗauke da na'urar ƙirga juyin taya da Alan Jones ya ƙirƙira a 1971, a bi mafi gajeren layin da mai gudu zai iya bi, sannan a ƙara mita ɗaya a kowace kilomita don kada hanya ta gaza, wato mita 42 a tseren kilomita 42.195. Shi ya sa agogo yakan nuna fiye da haka a gasa, ba don an cuci kowa ba. Abin takaici, a nan gida sau da yawa masu shirya ƙananan gasa mota suke shiga su karanta mita, su buga fosta su ce kilomita 10, a raba kyauta a yi ta tafi a kan lokacin da ba ya nufin komai.

Kafin ka danna farawa, tsaya a fili irin na Idi ko gaban Ƙofar Kudu har agogon ya kama taurari sosai, ka ƙara masa ɗan lokaci bayan ya nuna ya kama, kuma ka saita shi ya ɗauki wuri kowace daƙiƙa. In awon gaskiya kake so, je filin wasa mai layin tsere irin na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ka riƙe layin farko. Zagaye ɗaya mita 400 ne, goma sha biyu da rabi kilomita 5 ne, agogon ya tsaya a aikin ƙirga lokaci kawai. Kada ka fita layin waje, don na takwas ya ɗara na farko da fiye da mita 50 a kowane zagaye. Gudun yau da kullum a cikin gari kuma, riƙe hanya ɗaya da na'ura ɗaya, ka kwatanta lokacin wannan mako da na makon jiya.