Zawon Jini Mai Tafiya Yana Dawowa

A Nima da Maamobi, in mutum ya ga jini a bayan gidansa, akan ce masa atini ne, ko basir. Sai a sayo Flagyl a shagon magani, ko kwalbar jiƙo a tashar mota. Sau da yawa atinin ne, kuma ya warke. Amma akwai wanda ciwon zai lafa masa, bayan wata biyu ya dawo, haka shekara da shekaru. Wannan darasi a kansa ne.

Mene ne ciwon?

Jiki yana da garkuwa mai yaƙi da ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo, garkuwar ce take juyowa kan hanjin mai ita, sai hanjin ya kumbura, ya yi gyambo daga ciki. Iri biyu ne. Na farko gyambon babban hanji: daga dubura yake farawa, ya yi sama. A katin asibiti akan rubuta shi ulcerative colitis. Na biyu ciwon Crohn, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1932. Shi yana iya kama ko'ina, daga baki har dubura.

Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma ruwa mai ƙazanta ke kawo shi ba, kamar kwalarar da ta addabi Akra a 2014. Ba sammu ba ne. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 da 35, a wasu gidaje kuma yana bin jini.

Alamominsa

Zawo da ya wuce mako 4, ko mai tafiya yana dawowa. Jini da majina a bayan gida. Murɗawar ciki, da tashi cikin dare a zaga. Jin bayan gida ya matsa, a je kuma ba abin kirki. Rama, kasala da zazzaɓi. Wasu har da ciwon gaɓoɓi, jan ido, ko ƙurajen baki.

In aka bar shi

Jini yana ƙarewa a hankali, har mutum ya kasa aiki. Yaro ya daina girma. Ciwon Crohn yana iya tsuke hanji har ya toshe, ko ya huda wata hanya kusa da dubura mai yoyon mugunya. Wanda ciwon ya daɗe a babban hanjinsa shekara 8 zuwa 10 yana bukatar a riƙa duba shi, domin ciwon daji.

Gwaji kafin magani

Atinin amiba da tarin fuka na hanji suna kama da wannan ciwo ƙwarai. Maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, in aka ba mai ɗayansu, ƙara masa ciwo zai yi. Shi ya sa ake fara gwada bayan gida da jini. Ku fara daga asibitin kusa, kamar Babban Asibitin Maamobi. In da bukata, za a tura ku Korle Bu, inda ake leƙa cikin hanji da siririn bututu mai kyamara, a ɗebi ɗan nama a gwada. Ku riƙe katin NHIS, da kwalayen duk magungunan da kuka sha. Kada ku ji kunyar faɗin yadda bayan gidanku yake: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magani

Babu ƙwayar da ke raba mutum da ciwon gaba ɗaya, amma ana kwantar da shi, mutum ya yi sana'arsa, ya yi aure, ya haihu. Sulfasalazine ko mesalazine ana shansu kullum, ko da an ji sauƙi. Prednisolone na lokacin tashin ciwo ne kawai, kuma a hankali ake rage shi, ba a yanke shi rana ɗaya. Wasu sai an haɗa musu da azathioprine, wasu kuma sai tiyata.

Abin kiyayewa

Ku guji ibuprofen da diclofenac, suna tayar da ciwon. Paracetamol ya fi. Kada ku ɗura citta ko barkono ta dubura, gyambo ne a ciki. Taba tana tsananta ciwon Crohn. In ciwo ya tashi, a rage shito da soye-soye, a ci tuwo mai laushi, kifi da ƙwai, a sha ORS yadda aka rubuta a fakitinsa.

A tafi asibiti nan take

In zawon jini ya kai sau 6 a rana tare da zazzaɓi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiri yana ɗibar mutum, kada a jira gari ya waye.

Tambayoyi

1. Zawo na mako nawa ne ya kamata a kai asibiti?
2. Don me ake gwaji kafin a ba da prednisolone?
3. Waɗanne magungunan ciwon jiki ne za a guje wa?