Amsoshin Tambayoyinku: Ikwalaiza Mai Ƙwan Gilashi

Wani mai sauraronmu daga Kano, mai ɗakin ɗaukar waƙa, yana tambayar amfanin ikwalaiza mai ƙwan gilashi irin na tsohuwar rediyo, da yadda ake aiki da ita.

To malam, mu ɗauki Pultec EQP-1A, wadda kamfanin Pulse Techniques na jihar New Jersey a Amurka ya ƙera. Asalinta tun farkon shekarun 1950. Matatar sautinta rage ƙarfin sauti take yi, sai ƙwan gilashin ya mayar da abin da ya ragu, ya ɗan ƙara wa muryar kauri da laushi. Wannan laushin ake saye.

Tana da wata dabara. A ɓangaren sautin ƙasa za ka zaɓi 20, 30, 60 ko 100 Hz, ga maɓallin ƙari, ga na ragi. Murɗa su tare. Ba sa soke juna: gindin ganga zai cika, dushewar da ke bisansa ta ragu. Gwada 60 Hz a kan ganga, sannan ka ƙara wa muryar mawaƙi kaɗan a 10 ko 12 kHz ta yi haske.

Wajen ɗauka ka sassauta hannu, don abin da ya shiga ya shiga. Wajen haɗa sauti ne za ka saki hannu. A gyaran ƙarshe kuwa, desibel ɗaya ko biyu ya isa, kuma sai da ikwalaiza guda biyu masu daidaito, hagu da dama.

Ka bar ta ta ɗumama kafin aiki. Kuma don Allah ka sa mata sitabilaiza, kada wutar janareta ta ƙona maka ita.