Sunayen Da Aka Fi So Da Asalinsu

Daga cikin haƙƙoƙin da ɗa yake da su a kan mahaifinsa akwai zaɓa masa kyakkyawan suna ranar bakwai, domin da shi za a yi ta kiransa har ya shiga kushewa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so. Malamai suka ce dalili kuwa shi ne, duk lokacin da aka kira mai sunan, an tuna masa cewa shi bawa ne, yana da Ubangiji.

Amma a ƙasar Hausa babu sunan da ya kai Muhammadu farin jini, wato wanda ake yawan yabo. Saboda ƙaunar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magidanci yakan raɗa wa 'ya'yansa maza duka wannan suna, sa'an nan a rarrabe su da ƙidayar Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru, na goma. Wasu kuma akan bi su da laƙabin wani babban malami. Buhari, alal misali, ba sunan yanka ba ne a asalinsa. Jingina ce ga birnin Buhara na ƙasar Uzbekistan ta yau, mahaifar Muhammadu ɗan Isma'ila mai tara hadisi, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira. Haka nan akan kira Usmanu da Shehu don girmama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Musa kuwa a ce masa Kallamu, domin Allah ya yi magana da Annabi Musa.

Ma'anar suna ba abin wasa ba ce a wurin Manzon Allah. Wata 'yar Sayyidina Umaru, Allah ya yarda da shi, sunanta yana nufin mai saɓo, sai ya sauya mata da Jamila. Ga kunnen Bahaushe wancan suna da na Asiya matar Fir'auna ɗaya ne, alhali harafinsu na farko ya bambanta, don haka babu laifi ga masu sunan Asiya. Buhari ya kawo labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib mai suna Haznu, wato ƙasa mai tauri. Annabi ya so ya mayar da shi Sahlu, mai sauƙi, shi kuwa ya ƙi barin sunan da ubansa ya sa masa. Sa'idu ya ce tun daga nan tsanani bai rabu da gidansu ba.

Inda ake yawan tuntuɓe a yau shi ne wajen gajarta suna. Idan an ce wa Adamu Ado, ko Hadiza Dije, ko Maryamu Mairo, babu abin da ya ɓaci. Amma wanda ya yanke "Abdul" daga Abdurrahman ko Abdurrazaƙ, ya kira yaro Rahman ko Razaƙ kawai, ya ba wa bawa sunan da ya keɓanta ga Mahaliccinsa, malamai kuwa sun hana wannan. Magabatan Hausawa da suka so sauƙin kira, ɓangaren bawan suka riƙe, suka ce Audu.