Darasi Daga Filin Badminton: Yadda Sindhu Ta Mayar Da Azurfa Zinare

Ni 'yar Gazara ce a ƙaramar hukumar Maƙarfi, kuma bari in fara da tona wa kaina asiri: 'yan ajinmu sun gama difloma sun tafi, ni ina nan ina shekarar ƙari, wadda muke ce wa sifil-oba. Kwas ɗaya ne na lissafi ya kayar da ni har sau biyu. Ranar da na kai wa Baba sakamako na biyu, a bakin gona na same shi. Ya daɗe bai tanka ba, can ya ce, "Uwata, rake fa sau ɗaya ake sara a shekara." Na gane karatun. Daga raken nan kuɗin makarantata ke fitowa, in na sake faɗuwa, to sai gida.

Ina cikin wannan hali wata ƙawata ta nuna mini bidiyon wani wasan badminton a wayarta. Ga wanda bai san wasan ba, da raket ake buga wata 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu 16, ana tsallakar da ita kan raga. Wanda ya riga kai maki 21 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye biyu cikin uku ya ci wasa. In aka yi 20-20, sai an ba da ratar maki biyu.

Bidiyon na wasan ƙarshe ne na gasar duniya ta 2017 a birnin Gilasgo, tsakanin Nozomi Okuhara ta Japan da wata doguwar Ba'indiya, Pusarla Venkata Sindhu. Minti 110 suka yi suna fafatawa, har tsayuwa ta nemi gagararsu. A zagaye na uku Sindhu ta faɗi da 20-22. Maki biyu kacal! Wallahi sai na ji kamar ni aka kayar, shi ya sa na bi tarihinta.

An haifi Sindhu ranar 5 ga Yuli, 1995 a birnin Haidarabad. Iyayenta duka 'yan wasan ƙwallon raga ne, mahaifinta P. V. Ramana har yana cikin tawagar Indiya da ta ci tagulla a wasannin Asiya na 1986. Ita kuwa tana shekara takwas ta zaɓi badminton, don sha'awar Pullela Gopichand, wanda ya lashe babbar gasar Ingila a 2001, daga baya kuma ya zama kocinta. Ta ci tagulla a gasar duniya a 2013 da 2014.

Daga nan ne jarabawar ta fara. A Olamfik ta Riyo a 2016 ta kai wasan ƙarshe, Carolina Marin ta Sifen ta doke ta. A 2017 ga Okuhara. A 2018 kuwa sau uku: 'yar ƙasarsu Saina Nehwal ta kayar da ita a wasannin Kwamanwel, Marin ta sake doke ta a gasar duniya, Tai Tzu-ying ta Taiwan ta karɓe zinaren wasannin Asiya. Kullum azurfa, har mutane suka fara cewa ba ta iya wasan ƙarshe ba.

Ranar 25 ga Agusta, 2019, a birnin Basel na Suwizalan, ta sake haɗuwa da Okuhara a wasan ƙarshe na gasar duniya. Wannan karon ko minti 40 ba a yi ba: 21-7, 21-7. Ita ce ta farko daga Indiya da ta zama zakaran duniya a badminton. Me ya canza? Ga abin da na tsinta.

Darasi na farko: duba inda ka faɗi, ka canza dabara. Okuhara gajera ce mai zafin nama, ta ƙware wajen maido da ƙwallo har abokiyar karawa ta gaji. A 2017 Sindhu ta biye mata, aka yi ta doguwar musaya. A 2019, bayan ta yi aiki da koci Kim Ji-hyun 'yar Koriya ta Kudu, sai ta riƙa kai farmaki tun daga bugun farko, tana amfani da tsawonta tana dannowa ƙasa, ba ta bari musayar ta yi tsawo. Ni kuwa sau biyu na shiga jarabawa da dabara ɗaya: haddar misalan malam daren jarabawa. Da an sauya lambobi sai in rikice. Ashe ba ƙwaƙwalwa ce ba ni da ita ba, hanyar ce ba ta ɓillewa. Yanzu kullum ina warware tambayoyin shekarun baya guda biyar da hannuna, agogo na gabana, wadda ta gagare ni in kai wa wanda ya fi ni.

Darasi na biyu: sai an bar wani abu ake samun wani. Kafin Riyo, Gopichand ya karɓe wayar Sindhu na kusan wata uku, ya kuma hana ta kayan zaƙi. Ban ce ku jefar da waya ba, ni ma ai a waya na ga wasan. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, awa nawa TikTok ke ci mana a dare ɗaya? Tawa dai daga isha'i zuwa goma tana hannun ƙawata.

Darasi na uku: na biyu ba wulaƙanci ba ne. Wanda ya kai wasan ƙarshe ya wuce mutane da yawa. Sindhu ta ƙara da tagulla a Olamfik ta Tokiyo a 2021, ta ci zinaren Kwamanwel a 2022, amma a Faris a 2024 an fitar da ita ba lamba ko ɗaya. Yau gare ka, gobe ga wani. Mai kariyoba ba daƙiƙi ba ne, mu daina yi wa juna dariya a gaban allon sakamako.

Wani zai ce ai ita ta samu makarantar horo da iyaye 'yan wasa, mu fa? Gaskiya ne, ba ɗaya muke ba. To amma a Faris ɗin nan, a wasannin masu buƙata ta musamman, 'yar Nijeriya Mariam Eniola Bolaji daga jihar Kwara ta ci tagulla, ta zama ta farko daga Afirka da ta samu lambar badminton a wannan mataki. Filin wasan duka mita 13.4 ne a tsawo, 6.1 a faɗi, ɗakin taro ma ya isa. Don haka ina roƙon daraktan wasanni na ƙungiyarmu ya sama mana raga da raket ko da huɗu ne, a kuma ware wa mata lokacinsu.

Jarabawata saura mako shida, kuma ita ce dama ta ƙarshe. Ban san yadda za ta kaya ba, sai dai na san ba da tsohuwar dabara zan shiga ba. Duk mai irin matsalata ya same mu a laburare bayan la'asar, mun kai mu bakwai yanzu. Ku sa mu a addu'a. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.