Zaren Gilashi Mai Jin Ciwon Kankare

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a nan Daura ya san yadda katanga ke faɗin ciwonta. Da damina ta wuce sai ka ga tsaga, a kira magini, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, shi ke nan. To, kankare ba haka yake ba. Ruwa yakan shige shi a hankali, rodin da ke ciki ya yi tsatsa ya kumbura, yana ta cin ginin daga ciki, alhali kuwa waje sumul. A 2018 wata babbar gada ta rufta a birnin Janowa na ƙasar Italiya, mutum 43 suka rasu.

Saboda haka ne masana suka nemi hanyar da gini zai riƙa kai ƙarar kansa. Abin da suka samo wani zaren gilashi ne, siririnsa kamar gashin kai, irin wanda ke kawo mana intanet. Akan yi wa cikinsa waɗansu 'yan zane-zane a jere, waɗanda ido ba ya gani. In aka tura haske ta bakin zaren, zanen sai ya maido da launi guda, sauran su wuce. Akan ɗaure zaren a jikin rodi kafin a zuba kankare. In ginin ya miƙe ko ya tsuke, ko da kaɗan ne, tazarar zanen ta sāke ke nan, launin da ke dawowa shi ma sai ya sāke. Na'ura ta karanta, injiniya ya gane inda ciwon yake. An gwada wannan dabara a wata gada a birnin Kalgari na Kanada tun 1993.

Gilashi ba ya tsatsa, zaren kuma ba ya ɗauke da lantarki. Amma yana da tasa matsalar, watau zafi ma yakan sāke launin. Ku duba bambancin ranar bazara da asubahin hunturu a garin nan! Don haka akan ajiye wani zaren a gefe, sako-sako, aikinsa auna zafi kaɗai, a debe nasa lissafin daga na ɗan'uwansa.

Mu ma abin ya shafe mu. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, an tsara ta ne ta ratsa Kazaure da Daura da Katsina, kuma hanyar dogo ba ta rasa gadoji da kwalbatoci. Jirgi mai nauyi zai yi shekara da shekaru yana taka su, 'yan'uwanmu na ciki. A ganina lokacin da ya fi dacewa a sa zaren shi ne ranar da ake zuba kankare, don in ya riga ya bushe, sai dai a manna shi daga waje, inda rana da ruwa da ɓarna za su same shi.