Kalmar da Ke Rufa wa Majiyyaci Asiri

'Yata, ki ba ni aron kunnenki kaɗan. Tunda karatun jinya zai kai ki Ingila, akwai wasu kalmomin Turanci da malamai a nan gida sukan tsallake saboda kunya. Ban ga laifinsu ba. Mu ma ba mu saba ambaton tsiraici a bainar jama'a ba. Amma ke aikinki jikin mutane ne. Gara ki ji daga bakin goggonki.

Ƙamus zai ce miki "naked" da "nude" duk tsirara suke nufi. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Ta farkon tsohuwar kalmarsu ce, gadon kaka da kakanni. Ta biyun daga Latin suka aro ta. A bakin lauyoyi ta fara zama, daga baya masu zane da sassaƙa suka ɗauke ta. Wani masanin zane, Kenneth Clark, ya yi littafi guda a kan wannan a 1956. A ganinsa, ta farko tana nufin wanda aka raba da suturarsa yana jin kunya. Ta biyu kuwa jiki ne da aka tsayar don a zana shi. To, tsohon da ke kwance a gadon asibiti bai zo don a zana shi ba. Kada ki kira shi da ta biyun. Ta farkon ma, sai in ta kama dole a cikin rahoto.

Wadda na fi jiye miki ita ce "strip". Gajeruwa ce, mai sauƙin faɗa, shi ya sa baƙo yake saurin kama ta. Amma kalmar umarni ce. Da ita ake kiran binciken da 'yan sanda da gandurobobi suke yi wa mutum bayan sun sa shi ya tuɓe. Tana kuma da alaƙa da gidajen rawar dare. Ki yi tunanin dattijuwa sa'ar kakarki, ga ciwo, ga tsoro, sannan yarinya ta jefa mata wannan kalma. Na san ba da mugun nufi za ki faɗa ba. Ita dai ba zuciyarki take gani ba, abin da ya shiga kunnenta shi ta sani. Daga nan sai ta ɗaure fuska, ta ɓoye miki inda ke mata ciwo. Magana zarar bunu ce.

"Undress" ta fi taushi. Abin da ya fi ta kuma shi ne ki ambaci tufar da kike so a cire, ita kaɗai. Ki ce wa majiyyaci ya cire rigarsa ta sama, ko ya naɗe hannun riga. Ki haɗa da roƙo, ki faɗi dalili. Ki ja labule, ki miƙa masa rigar asibiti, ki ba shi wuri. A can majiyyaci yana da damar neman wani ya tsaya a ɗakin idan za a duba al'aurarsa. Ki riga shi tayi, don mai kunya ba zai tambaya ba.

"Bare" ta gaɓa ɗaya ce, kamar ƙafa ba takalmi ko kai ba hula. Ba ta da nauyi. Ki dai lura da rubutunta, domin a baki ɗaya take da "bear". Mai son ya rubuta "bear with me", wato a yi haƙuri da shi, in ya musanya harufan, sai ya zama kamar yana gayyatar mutane su tuɓe tare da shi. 'Ya'yan Turawan ma suna faɗawa wannan ramin.

Za ki ji abokan aiki suna raha da "birthday suit", wato yadda muke cewa haihuwar uwarsa. Ki gane, ki yi murmushi, ki bar musu kayansu. A kanti kuma, in kin ga "nude" a jikin jan baki ko safa, launi ne kawai. Kada gabanki ya faɗi.

Saura guda, kuma ita ce ta hana ni barci. A waya, idan aka ƙara wa "nude" harafi ta koma "nudes", hotunan tsiraici ake nufi. Na san tarbiyyarki, ba zarginki nake ba. Amma kaɗaici a baƙuwar ƙasa yakan sa mai daɗin baki ya yi kama da ɗan'uwa. Hoto in ya bar hannunki ya zama na wanda ya karɓa. Tun 2015 dokar Ingila ta fara hukunta masu yaɗa irin wannan hoto ba da yardar mai shi ba, amma hukunci ba ya goge abin da idanu suka riga suka gani. Duk wanda ya roƙe ki, ko ya yi miki barazana, kada ki amsa masa, kada kuma ki goge saƙon. Ki kai wa hukumar makarantarku. Sannan ki kira ni, ko da tsakar dare ne.